Bakwaini Ya Fito Daga Kwalba, Uwarsa Fa?

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ɗakin jarirai a babban asibiti ya san barandar nan. Tun da asuba mata suna jere a kan tabarmi, kowacce da fulas ɗin ruwan zafi da ɗan kofin da take tatsar nono a ciki. Wata ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga, wata tana tafiya a duƙe tana dafe da ɗinkin tiyata, wata kuma ta ɗaure kai tamau da ɗankwali. Da hantsi 'yan dubiya su fara shigowa da kwanukan abinci. "Sannu, ya mai jiki? Ya fara kama nono? Nawa ya kai a sikeli yau?" Mai jikin da ake tambaya shi ne wanda ke cikin kwalba. In uwar ta yi ƙarfin hali ta ce, "Inna, kaina yana sarawa, ina ganin dishi-dishi," sai uwar miji ta ce, "Haba 'yar nan, jego ne. Ki daure ki sha kunu nono ya zo."

Ranar sallama za a ba su katin yaro, a rubuta ranar dawowa, a koya musu yadda za a ɗumama shi da yadda za a ba shi nono da cokali. Uwar kuwa rabonta "Allah ya raya." Ta gama wanka, ta yi kitso da lalle, ta fita yawon arba'in, shi ke nan a wurinmu ta warke.

Wannan ɗabi'a tamu ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ra'ayina shi ne, duk inda aka haifi bakwaini an samu majinyata biyu, kuma jinyar uwar ta fi ta ɗan tsawo. Haihuwa kafin lokaci sau da yawa saƙo ne da jikin mace ke aikowa game da jininta, da sugarta, da sinadaran homon da ke tafiyar da aikin jikinta. Mu kuwa mukan karɓi jaririn, mu bar saƙon a ƙasa.

1. Su nawa ne, kuma me ke kawo shi?

Cikakken ciki yana kai kimanin mako 40. Duk jaririn da aka haifa kafin mako 37 bakwaini ne a lissafin likitoci, ko da ya shiga wata na tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4, wato kusan ɗaya cikin kowane goma. Najeriya ce ta uku a yawansu bayan Indiya da Pakistan, da sama da dubu 700 a shekarar kaɗai. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da uwa. Ke nan duk shekara muna tara mata dubbai ɗari-ɗari da ya kamata a riƙa bin lafiyarsu, amma ba mu da ko littafin da aka rubuta sunayensu.

Ta hanya biyu abin ke zuwa. Ko dai naƙuda ta taso da kanta, ko faya ta fashe tun lokaci bai yi ba. Ko kuma likita ya ga barin cikin zai kashe uwa ko ɗa, ya sa ruwan naƙuda ko ya yi tiyata. Dalilan suna da yawa: zazzaɓin cizon sauro, ciwon sanyi, cikin tagwaye, ƙarancin jini, ƙarancin shekaru, haihuwa kusa da kusa. Akwai kuma hawan jini, da ciwon suga, da matsalar tayirod. Waɗannan ukun na ƙarshe su ne abin dubawa, domin a jikin uwar suke zaune, kuma fitar mabiyiya ba ta tafiya da su duka.

Sai mu haɗa wannan da yadda muke haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma fiye da mata takwas cikin goma a gida suke haihuwa, kuma a faɗin Najeriya kashi 42 cikin ɗari ne kawai aka duba lafiyarsu cikin kwana biyun farko bayan haihuwa. Wadda ba a duba ta ba a ranar da take zubar da jini, wa zai neme ta bayan wata shida?

2. Ciki gwaji ne

Ciki aiki ne mai nauyi. Jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya tana ƙara bugawa don ta tura shi, ƙoda tana ƙara tacewa. Mabiyiya kuma tana fitar da sinadaran da ke sa jiki ya rage sauraron insulin, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya kai shi cikin tsoka, don sugar ta wadaci ɗan da ke ciki. Jiki mai ƙarfi yakan ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Wanda ke da rauni a ɓoye sai raunin ya fito fili. Kamar mota ce da ke tafiya lafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya: ranar da aka yi mata lodi ta hau tudu, ranar ake jin ƙarar da injin ya daɗe yana ɓoyewa. An sauke kayan, ƙarar ta yi shiru, amma direba mai hankali gareji zai nufa.

Masu bincike sun bi wannan magana da lissafi. A ƙasar Suwidin, inda ake adana bayanan haihuwa tun 1973, Dakta Casey Crump da abokan aikinsa sun bi tarihin mata sama da miliyan biyu. A sakamakon da suka fitar a 2020, matan da suka haifi bakwaini sun fi sauran shiga haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya fiye da ninki biyu cikin shekara goma na farko. Haɗarin yana raguwa da tafiyar lokaci, amma ko bayan shekara talatin bai koma daidai ba. Da suka kwatanta mata da 'yan uwansu na ciki ɗaya, bambancin bai gushe ba, abin da ke nuna cewa gado kaɗai bai isa ya bayyana shi ba. A Amurka ma, wani bincike a kan malaman jinya mata kimanin dubu 70 da aka fitar a 2017 ya samu ƙarin kusan kashi 40 cikin ɗari na ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma ga waɗanda suka haihu kafin mako 32 abin ya ninka. Saboda irin wannan ne Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da matsaya a 2021 cewa a riƙa tambayar kowace mace tarihin haihuwarta yayin auna haɗarin ciwon zuciya.

A fahimce ni da kyau. Ninkuwar haɗari ba hukunci ba ne, kuma akasarin matan nan za su tsufa ba tare da ciwon zuciya ba. Amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mace ce 'yar shekara 22 aka nuna mata abin da ka iya samunta a shekara 45. Wannan tazara ta shekara ashirin da wani abu dama ce da maza ba su da irinta.

3. Hawan jini da suga ba sa bin ranar suna

Yawancin mutane sun ɗauka da an haihu hawan jinin ciki ya tafi. Gaskiyar ita ce jinin mai jego yakan fi hawa tsakanin kwana na uku da na shida, daidai lokacin da gida ke cike da hidimar suna, kuma jijjiga tana iya kama mace bayan ta haihu, har zuwa mako shida. Matsanancin ciwon kai, ganin dishi-dishi, ciwo a saman ciki ta gefen dama, kumburin fuska, ko numfashi sama-sama, duk alamomi ne na a tafi asibiti a ranar, ko da raguna suna ɗaure. Awon da ya kai 140 bisa 90 hawan jini ne. Wanda ya kai 160 bisa 110 na gaggawa ne.

Ko jinin ya sauka, magana ba ta ƙare ba. Macen da ta yi hawan jinin ciki mai haɗe da fitar furotin a fitsari, wanda shi ne ke kai ga jijjiga, tana da kusan ninki huɗu na yiwuwar samun hawan jini na dindindin nan gaba, da kusan ninki biyu na ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Haka sugar ciki take. Akan gano ta ne da gwaji tsakanin mako 24 da 28, kuma matanmu da yawa ba a taɓa yi musu gwajin ba. Wata ma ta haihu kafin lokacin gwajin ya zo. Bayan haihuwa sugar takan sauka, sai dai wadda ta yi ta tana da aƙalla ninki bakwai na yiwuwar kamuwa da ciwon suga na dindindin. Shawarar masana ita ce a sake gwada ta tsakanin mako 4 da 12 bayan haihuwa, daga nan kuma duk shekara ɗaya zuwa uku. Idan an auna da safe kafin a ci komai, 126 ko sama ciwon suga ne in an maimaita an sake samu. Tsakanin 100 da 125 kuma gargaɗi ne. Akwai wani gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku, amma yana iya yaudara ga macen da ta zubar da jini, ko aka yi mata ƙarin jini, ko mai cutar sikila. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin rukuni ba ne, don haka a faɗa wa likita.

Abin farin ciki, gargaɗin yana da amfani. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka aka fitar a 2002 ya nuna cewa masu dab da kamuwa da ciwon suga, in suka rage ƙiba kaɗan suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin yana raguwa da kashi 58 cikin ɗari. Minti 150 tafiyar rabin awa ce sau biyar a mako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4. Ciwon da muke ɗora wa iska

Da zarar mabiyiya ta fita, sinadaran estirojin da furojestaron da suka cika jiki tsawon watanni sukan faɗi ƙasa cikin 'yan kwanaki. Faɗuwar ce ke buɗe wa furolaktin hanya ya kawo nono. Uwar bakwaini takan sha wuya a nan: nononta bai gama shiri ba, ɗan ba ya iya tsotsa, ga fargaba da rashin barci. Maimakon a zarge ta da rashin nono, a taimaka mata ta fara tatsa cikin awannin farko, ta riƙa yi kamar sau takwas a yini har da dare, a kuma bar ta ta ɗora ɗan a ƙirjinta fata da fata. Wannan salon goyo, da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, an gwada fara shi nan take bayan haihuwa a ƙasashe biyar har da Najeriya da Gana, aka samu mutuwar ƙananan jarirai ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ita ma uwar tana cin riba, domin shayarwa ta wata shida ko fiye tana rage mata haɗarin ciwon suga.

Sai tayirod, ƙaramin ƙululun nan na gaban wuya wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Shi ne ke saita saurin aikin jiki. Kimanin mace ɗaya cikin ashirin takan samu rikicewarsa a shekarar farko bayan haihuwa. Da fari yakan yi gudu: faɗuwar gaba, zufa, rawar hannu, rama, saurin fushi. Bayan wasu watanni ya koma sanyi: kasala, jin sanyi, bushewar fata, zubewar gashi, ƙiba ba dalili, mantuwa, baƙin ciki. Yawancin mata sukan warke cikin shekara guda ko ɗaya da rabi, wasu kuma sai sun riƙa shan magani. Matan da garkuwar jikinsu ke yaƙar tayirod sun fi saurin yin ɓari da haihuwar bakwaini, kuma su ne dai suka fi samun wannan rikici bayan haihuwa. Saboda haka uwar bakwaini da ta canza hali ta cancanci gwajin jini kafin a yanke mata hukunci.

Mu kuwa me muke yi? In ta rame tana faɗuwar gaba, mu ce kishiya ce. In ta yi sanyi ta daina kwalliya, mu ce son jiki ne. In tana kuka ba dalili, mu ce iska ce, a kawo hayaƙi. Addu'a makamin mumini ce, babu mai ja da wannan. Amma wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani, kuma neman maganin yana farawa da sanin cutar. Ciwon damuwa bayan haihuwa ma gaskiya ne, ya fi yawa ga matan da 'ya'yansu suka kwanta a kwalba, kuma ana maganinsa.

Akwai wani ciwon da ya fi waɗannan ɓuya. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai ƙululun fituwitari, wanda ke ba sauran ƙululan jiki umarni. Yana girma lokacin ciki, kuma in mace ta zubar da jini mai yawa har jininta ya faɗi, wani sashensa yana iya mutuwa. Wani likitan Ingila, Harold Sheehan, shi ya bayyana wannan a 1937, kuma ciwon sunansa yake ɗauke da shi. Alamominsa: nono bai zo ba sam, al'ada ba ta dawo ba, gashin hammata da na mara ya zube, ga kasala da jiri da ba sa ƙarewa. Mata sukan yi shekaru da shi kafin a gano. A ƙasashen da ake haihuwa a asibiti ya yi ƙaranci ƙwarai. A inda mace ke zubar da jini a ɗaka ana neman mota, yana nan. Kuma ɓallewar mabiyiya, wadda ke jawo bakwaini, tana cikin manyan masu jawo zubar jini. Duk macen da ta ga kanta a wannan bayani ta je ta ga likita, domin akwai ƙwayoyin da ke maye gurbin sinadaran da ta rasa.

5. Jegonmu: abin riƙewa da abin gyarawa

Ba na cikin masu raina jegon gargajiya. Al'adar da ta ce mace ta huta kwana arba'in, a dafa mata, a ɗauke mata aiki, a yanka mata kaji, a yi mata ƙauri, al'ada ce mai hikima, kuma kwana arba'in ɗin sun yi kusan daidai da mako shidan da likitoci ke ƙirgawa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai dai a cikin jegon akwai abin da bai dace da kowace mace ba.

Kanwa danginta ɗaya da gishiri, sinadarin sodiyam ne ya cika ta, kuma shi ne ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Ka lissafa gishirin miya, da sinadarin ɗanɗano, da yajin jego, sannan ka ɗora kwanon kunun kanwa safe da yamma ga macen da aka yi wa tiyata saboda hawan jini. Wannan ba gata ba ne.

Mu a Arewa muna da dalili na musamman na yin hattara. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka ba da rahoton cewa gazawar zuciya bayan haihuwa tana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari a yankin, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. A lokacin an fi zargin kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya, wanda aka fitar a 2020, ya nuna cewa abubuwan da suka fi alaƙa da ciwon su ne hawan jinin ciki, da rama, da rashin aikin yi da rashin ilimi, fiye da wankan kansa. Wannan ya ƙara ƙarfafa maganata: macen da hawan jini ya sa ta haihu kafin lokaci, ga ta ramammiya, ita ce ke kan gaba a layi. In mai jego ta kasa kwanciya a miƙe saboda numfashi, tana tari da dare, ƙafafu suna kumbura, kada a ƙara wa ruwan wanka wuta. A kai ta a duba zuciyarta.

Sai sabuwar fitina, wadda ba ta gargajiya ba ce. Mace ta fito daga jinyar bakwaini a rame, mata suna yi mata gori, sai ƙawa ta kai ta kemis a haɗa mata sha-ka-fashe. Da yawa daga waɗannan haɗe-haɗe akwai desametason ko danginsa a ciki. Maganin yana da amfani a hannun likita. Shi ne ma allurar da ake yi wa mai naƙudar bakwaini na ɗan lokaci don huhun jariri ya nuna. Amma shan sa wata da watanni yana ɗaga suga, yana ɗaga jini, yana tara kitse a ciki da fuska, yana cinye ƙashi, yana kuma sa jiki ya daina yin nasa sinadarin, ta yadda dainawa farat ɗaya ma haɗari ne. Wadda jikinta ya riga ya nuna rauni ta ɓangaren suga da jini, ta ɗora wannan, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

6. Ciki na gaba

Wadda ta haifi bakwaini sau ɗaya ta fi sauran mata yiwuwar maimaitawa, kuma rurrutsa tana ƙara haɗarin, musamman in cikin ya shiga kafin wata shida. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar aƙalla wata 24 kafin a nemi wani cikin. Wannan bai saɓa wa abin da muka taso da shi ba, domin shekara biyu na shayarwa suna cikin Suratul Baƙara, kuma kakanninmu sun san illar kwanika.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kariyar da shayarwa ke bayarwa daga ɗaukar ciki tana dogara ne da yawan tsotson yaro dare da rana. Uwar da ke tatsa a kofi, ko wadda Allah ya karɓi ɗanta, tana iya ɗaukar ciki da wuri, tun ma kafin ta ga al'ada. Ga wadda ta rasa ɗan, matsin ya fi yawa, kowa yana cewa Allah ya kawo mai albarka. Amin, amma a bari jikinta ya farfaɗo, jininta ya cika. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. In za a zaɓi hanyar tazarar haihuwa, a auna jini tukuna, domin ƙwayoyin da ke da estirojin ba su dace da mai hawan jini ba, akwai wasu hanyoyin da suka fi mata.

In cikin ya samu, a fara awo tun watannin farko, a kuma faɗi tarihin duka: a wata nawa aka haihu, me ya jawo, an yi jijjiga ko ƙarin jini. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da wannan bayani ne likita zai san ko ya ba ta ƙaramin asfirin da sinadarin kalsiyam don rage haɗarin hawan jinin ciki, ko ya auna bakin mahaifa ya ba ta furojestaron, ko ya gwada sugarta da wuri. Duk waɗannan da umarnin likita ake shan su, ba da shawarar maƙwabciya ba.

7. Uzurorin da za a kawo

Wani zai ce, mutumin da ya sayar da akuya ya biya kuɗin kwalba, da me zai biya gwajin uwa? Tambaya ce mai nauyi. Amma awon jini ba ya cin komai sai minti biyu, gwajin suga na yatsa kuma yana cikin mafi arha a asibiti. Gwajin tayirod ya fi tsada, shi ya sa ba kowa za a yi wa ba sai mai alamomi. A ɗora wannan a sikeli da kuɗin wankin ƙoda, ko jinyar shanyewar ɓarin jiki, ko gidan da uwa ta kwanta ta bar yara biyar.

Wani zai ce wannan tsoratar da mata ne. Ni a ganina ɓoye mata ne zalunci. Matar da ta kwana a benci mako uku tana tatsar nono da hannu ba raguwa ba ce da za a ce ba za ta iya jin gaskiya ba.

Wani kuma zai ce ai a kan Turawa aka yi binciken. To, na Zariya da Kano fa, a kan wa aka yi? Kuma ƙasarmu da ke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a dalilin ciki da haihuwa a duniya ba ta da bakin cewa zuciyar matanta ta fi ta wasu ƙarfi.

8. Abin da ya kamata a yi

Ga ma'aikatan lafiya da gwamnatocin jihohi: hanya mafi sauƙi tana gabanmu. Uwa tana kawo ɗanta rigakafi a mako 6, da 10, da 14, da wata 9. Tana zaune a benci awa biyu, ana auna yaro, ita ba a ko taɓa hannunta. A ajiye na'urar awon jini da ta suga a ɗakin rigakafi. A rubuta a katin yaro cewa an haife shi a mako kaza, saboda dalili kaza, ga awon jinin uwa na yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadi duba mai jego sau huɗu: cikin awa 24, a kwana na biyu zuwa na uku, a mako na biyu, da mako na shida. Ga uwar bakwaini a ƙara da duba na shekara-shekara. A horar da ungozomomi da ma'aikatan sa-kai na unguwanni su san alamomin nan, tunda su ne ke shiga gidajen. Hukumomin da ke kula da magunguna kuma su sa ido a kan masu haɗa maganin ƙiba.

Ga iyaye mata da surukai: ku ne masu mulkin ɗakin jego. Ku tambayi abin da likita ya ce kafin ku dama kunu. In an ce tana da hawan jini, a yi kunun ba kanwa, a rage gishiri, a ƙara wake, ƙwai, kifi, zogale da sauran ganye. In an ba ta maganin hawan jini ko na ƙarin jini, kada a ce ta ajiye don wai zai shiga nono. Likitan ya san tana shayarwa.

Ga maigida: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ne ke ganin ta kasa hawa matakala biyu, kai ne ke jin tarinta da dare. Kamar yadda ka nemo kuɗin rago, nemo na mota da na gwaji, ka kuma ba ta izinin tafiya ba tare da ta roƙa ba.

Ga ke 'yar uwa da kika haifi bakwaini, ko bara ne ko shekara goma sha biyar da suka wuce: ba laifinki ba ne, kuma lokaci bai ƙure ba. Ki je asibiti mafi kusa cikin wannan makon a auna jininki da sugarki. Ki ce wa malamar asibiti, "Na taɓa haihuwar bakwaini," ki sa ta rubuta a katinki. Ki maimaita awon duk shekara, ki kuma faɗa wa ƙanwarki da 'yarki su yi haka.